Wai Farar Ƙafata Ce Ta Hana Dionis Bugu

Ku matso kusa, 'yan uwa masu karanta ni, don abin da ke cikina yau ya fi ƙarfin in haɗiye. Ni ce Niurka, 'yar Mami Belkis mai shagon gyaran gashi a nan San Pedro, wadda Dionis ya sa wa zoben baiko a watan Satumba. Ku riƙe zoben nan a ranku, don tun da ya hau yatsana garin nan ya ɗora min laifin da ban ji ba ban gani ba.

Dionis ɗan wasan besbol ne, wasan nan da ake jefo ƙwallo a buge ta da sanda. Rabin shekara yana Amurka yana buga wa wata ƙaramar ƙungiya, idan Satumba ta kama sai ya dawo gida, a Oktoba ya sa rigar ƙungiyar garinmu. Bara shi ne ɗan lelen kowa. In ya riƙe sanda ya tsaya gaban mai jifa, har masu tallar gyaɗa sai sun yi shiru sun juyo. Bana kuwa ana buɗe kakar wasa abu ya ƙi. A yi adalci, ba shi kaɗai ba ne, kusan duk masu bugun ƙungiyar sun yi sanyi kamar an jiƙa su. Amma sauran ko ba komai sukan taɓa ƙwallon ta ɗan gangara. Dionis iska kawai yake duka. Jifa uku, kuskure uku, ya ja sandarsa ya koma rumfar 'yan wasa kansa a ƙasa. Haka mako ya bi mako.

Ni kuma ga ni zaune a layin gaba, kujerun da ake ware wa iyalan 'yan wasa, kuma bana ne farkon zamana a wurin. To kun ga lissafin da garin ya yi. Bara babu Niurka, akwai bugu. Bana ga Niurka, babu bugu. Shi ke nan, farar ƙafa gare ni.

Wata Asabar shago ya cika, mata sun jeru ƙarƙashin na'urar busar da gashi, kowacce kai cike da robobin naɗi. Na ɗauko tawul zan wanke wa Yudelka kai, ƙawata tun ta firamare, sai ta zame.

"A'a Niurka, bari Mami ta yi min. Litinin zan je neman aiki, kada ki shafa min."

Shago ya kwashe da dariya. Na ce, "Kwantar da hankalinki Yudelka, kan nan naki tun muna aji ɗaya babu abin da ke shigarsa, balle rashin sa'a."

Aka sake dariya, ni ma na yi, amma wallahi zuciyata tafasa take. Ban gama ajiye tawul ɗin ba sai ga Doña Fefita, mahaifiyar Dionis, ta ɗaga labule. Doguwar riga shuɗiya ta zuwa coci, jaka a hammata, carbinta a naɗe a hannu. Gashinta a gyare tsaf, wato ba gyara ya kawo ta ba.

Na ce, "A sa min albarka, Doña."

"Allah ya yi miki." A taƙaice, babu ko "'yata" da ta saba ƙarawa.

Ta ƙi kujerar da Mami ta turo mata. A tsaye ta fara lissafa mana wahalarta. Ta wanke sandunansa da ruwan coci. Ta hau mota har babban cocin garin Higüey ta kunna masa kyandir. Ta ƙone tsohuwar safarsa ta sayo sabuwa, ta juya masa gado ya fuskanci ƙofa, ta hana shi cin ƙwai.

"Komai na canza," in ji ta. "Abu ɗaya ya rage." Ta sauke idonta a kaina.

Na'urorin busar da gashi suna ta ƙugi, amma na rantse kowace mace a shagon ta ji. Doña ta ce kada in sake taka filin wasa. Sannan zuwan da za su yi gidanmu a watan nan, ita da kawunnansa, don neman aurena a wurin babana Papi, an ɗaga shi.

Mami ta ce, "Zuwa yaushe, Doña?"

"Zuwa ranar da ɗana ya buga."

A gida aka rabu biyu a kaina. Papi Chago yana tsakar gida yana wasan domino da abokansa lokacin da Mami ta raɗa masa. Ya buga ɗan dominon a tebur har kofunan kofi suka yi tsalle.

"'Yata ce za a rataya wa aure a jikin sanda? Cire zoben nan ki mayar musu! Yaron da ko kankana aka jefo masa ba zai same ta ba!"

Mami ta ja ni kicin, tana dama ayaba tana magana ƙasa-ƙasa. "Kada ki biye wa ubanki. Ki lafe a gida, ki yi shiru. Sanyin bugu zazzaɓi ne, yana zuwa yana tafiya. Ranar da ya buga kowa zai manta."

"In kuma bai buga ba fa, Mami?"

Ta ci gaba da damunta.

Na shige ɗaki na ɗauki waya na tura wa Dionis saƙo.

"Ka san Mamanka ta zo shago?"

"Na sani sarauniya. Ki yi haƙuri, na ɗan lokaci ne."

"Kai ma ka yarda ni ce?"

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Can sai ga shi: "Ban ce ba."

"Amma ba ka ce ba ni ba ce."

Ya karanta, bai amsa ba. Wannan shirun ya fi duk dariyar shago yi min ciwo, kuma ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka har hancina ya toshe.

Na bi maganar Mami. Na zauna a gida ina jin wasa a rediyon Papi, in an ɗauke wuta mu koma na batir. Kun san me ya faru? Babu abin da ya canza. Iska ya ci gaba da duka. Na ce to yanzu dai an wanke ni. Ina! Wani ya kira gidan rediyo ya ce, "Ai zoben yana yatsanta har yanzu." Mai shirin ya yi dariya, sannan ya ƙara da cewa ana raɗe-raɗin idan Lahadi ta wuce bai buga ba, koci zai ajiye shi a benci, kuma mutanen ƙungiyarsa ta Amurka suna kallon komai.

A nan na share hawayena. Na ce Niurka, zaman gida bai wanke ki ba, kuka bai wanke ki ba, to tashi.

Ranar da babu wasa na tura masa saƙo: "Ka zo bayan gidanmu da yamma. Kada ka zo da sandarka."

Bari in gaya muku yadda muka haɗu, don ku gane. Muna yara, wasan murfi muke yi a layi: murfin jarkar ruwa shi ne ƙwallo, sandar tsintsiya ita ce abin bugu. Murfin nan in ya bar hannu rawa yake a iska, ya yi dama ya dawo hagu ya nutse. Ni ce mai jifan layinmu, kuma babu namijin da ban sa ya jefar da sanda don haushi ba, sai wani siririn yaro mai manyan kunnuwa daga layin bayan masana'antar sukari. Shi kaɗai yake samun murfina, har ya aika shi saman kwanon maƙwabta. Wanda ya iya bugun murfi, ƙwallo a wurinsa ƙatuwa ce. Yaron nan shi ne Dionis.

Ya zo da hula ja har kan gira, farar riga, sarƙar zinarensa a ciki. Ya rame. Ya tarar da ni na ɗaure gashi, na sa tsohon wandon Papi, bokiti cike da murafu a gefena. Na miƙa masa sandar tsintsiyar Mami.

"Niurka, haba. Ni da nake fuskantar masu jifa kamar harsashi?"

"Ai na ji yadda kake fuskantarsu a rediyo. Tsaya can jikin bishiyar mangwaro."

Na jefa na farko. Ya kai duka, iska. Na biyu, iska. Ya yi dariyar yaƙe ya ce hannuna bai mutu ba. Na ci gaba da jifa har rabin bokiti, ko gefen murfi bai taɓa ba. Sai na jefa masa wani a hankali, irin wanda ake jefa wa ƙanin miji don a faranta masa. Shi ma ya wuce shi.

A nan na lura. Dionis da na sani kafaɗarsa ta hagu ke kallon mai jifa, ya ɗan leƙo ta samanta. Wannan kuwa duk fuskarsa yake juyowa, yana turo idon dama gaba kamar kaza na kallon tsaba.

Na ajiye bokiti, na taka har gabansa, na sa tafin hannuna na rufe masa idon dama.

"Karanta min abin da ke rubuce a bangon kantin can."

"Niurka, bari mana."

"Karanta."

Rubutun nan ko daga kan babur ana karanta shi. Ya kasa. Na ji girarsa tana motsi a tafin hannuna.

"Tun yaushe?"

"Tun Agusta." Muryarsa ta dushe. "Ƙwallo ta same ni a hular kwano, can Amurka. Na tashi na ce lafiyata lau. Daga baya na ga idon hagu yana hazo."

"Ka je asibiti?"

"In je su rubuta? Suna rubutawa an gama da ni. Akwai yara ɗari a bayana masu ido biyu, Niurka. Rufin gidan Mama, makarantar ƙannena, duk a sandar nan suke. In likita ya ce ba ya gyaruwa fa?"

Na tausaya masa, Allah ya sani. Amma tausayin bai kashe wutar da ta taso min ba.

"Wato ka sani. Ranar da Mamanka ta tsaya a shago ta kira ni annoba a gaban mata, ka sani. Da ake dariyata a rediyo, ka sani. Ka bar ni na ɗauki kayanka a kaina don kai kana jin tsoro."

"Na yi ta son in gaya miki..."

"Ka yi ta rubutu kana gogewa, na gani."

Na zare zoben. Ya zaro ido, mai kyan da marar kyan duka. Ban ba shi ba, na zura shi a aljihun wandon Papi.

"Gobe da safe za mu babban birni wurin likitan ido. In ka ƙi, Papi zai kai wa Mamanka wannan da kansa, kuma ka san zai ji daɗin kaiwa. Sannan Lahadi ina filin wasa, a kujerata. Wanda zai mutu ya mutu."

Washegari muka hau motar safe. Har muka isa hannunsa yana cikin nawa, sanyi ƙalau. Likitar wata dattijuwa ce mai furfura. Ta haska, ta ɗiga magani, ta sa shi ya leƙa na'ura, ta juya wannan ta juya wancan. Daga ƙarshe ta ce ba ta ga wata ɓarna a cikin idon ba, ƙarfinsa ne ya ragu, kuma gilashi zai gyara. Ta ɗora masa wani a fuska ta ce ya karanta. Ya karanta har layin ƙasa. Ƙaton namiji, sai ga hawaye.

Ta ce zaɓi biyu ne. Akwai tabarau na 'yan wasa mai roba a ƙeya, akwai kuma ɗan siririn da ake mannawa a ƙwayar ido, wanda babu mai gani.

"Babu mai gani?" Har ya miƙe zaune don murna.

Ta ba shi duka biyun ta ce ya gwada. Ni kuwa sai na shiga lissafi. In babu mai gani, to babu mai sani. In ya buga, za a ce kyandir ɗin Doña ne da zamana a gida. In bai buga ba, ni ce dai. Ta kowace hanya farar ƙafata tana nan. Ban roƙe shi ba. Na riga na faɗi nawa a gindin mangwaro, sauran nasa ne.

Lahadi bayan an taso coci na fito da rawayar rigata, mai buɗaɗɗen wuya, wadda ko daga ƙarshen fili sai an hango. Na sa jan baki, na saki gashi, na mayar da zoben yatsana. Mami ta tare ƙofa.

"Niurka, don girman Allah. In ya sake kuskurewa kina wurin, auren nan ya mutu."

"In sai na ɓuya zai rayu, Mami, gara ya mutu yau."

Papi ya leƙo daga bayan jarida ya dube ni sama da ƙasa. Ya tashi ya tsayar min da ɗan acaba da kansa.

Fili ya cika, ganguna da ƙahoni ko'ina. Tun daga matakala aka fara. "Ga ta nan!" "Wayyo, yau ma mun sha kashi!" Wani mai ƙaton ciki ya ɗaga kofin giyarsa ya ce, "'Yan mata, ki taimaka ki koma ɓangaren baƙi mana!" Na ce masa in ya matsa da tumbinsa wataƙila 'yan wasan su ga hasken rana. Ban tsaya ba sai da na zauna a kujerata, dab da Doña Fefita.

"A sa min albarka, Doña."

Ta janye jakarta daga gefena, ta ci gaba da jan carbi.

Aka fara wasa. Masu bugunmu biyu suka fita ba su taɓuka komai ba. Sai mai sanarwa ya kira sunan Dionis, fili ya ɗauki ihun tsiya. Na runtse ido, na buɗe.

Ya fito daga rumfa da tabarau a fuska. Ƙato, baƙi, da roba zagaye da ƙeya, ga kunnuwan nan nasa sun fito ta gefe. Wallahi muni kam ya yi muni. Bai tafi wurin bugu kai tsaye ba. Ya tako har gaban ragar da ke tsakaninmu da fili, ya dubi Mamansa, ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa gilashin hagu.

"Mama, idona ne," ya faɗa da ƙarfi, yadda layuka da yawa suka ji. "Tun Agusta. Ba ita ba ce."

Sai dariyar ta bar kaina ta koma kansa. "Malam makaho!" "A ba shi sandar jagora!" "Farfesa, ina littafinka?" Ya juya ya tafi ya tsaya, kafaɗar hagu na kallon mai jifa, kamar da.

Jifan farko ya bar shi ya wuce. Na biyu ya kai duka, ƙwallon ta goge sandar ta yi baya. Ya taɓa! Na ji wani abu ya damƙe min hannu, ashe Doña ce, ita kanta ba ta sani ba. A na uku ya sake kai duka. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba wani bugun a zo a gani ba ne. Ƙwallon ta tashi a kasale, ta wuce saman kan mai tsaron tsakiya da ƙyar, ta faɗi a ciyawa. Amma ta faɗi inda babu kowa, Dionis kuwa ya kwasa da gudu ya taka kusurwar farko, inda mai bugu ke tsira in ya riga ƙwallo isa.

Fili ya fashe. Mai tumbin nan ya watsa wa kansa giya yana ihu, "Rawayar riga! Rawayar riga ce!" Nan take layinmu ya ɗauka, har da masu miƙo hannu su taɓa min kafaɗa don su samu tubarraki. Mutanen da suka ji da kunnensu cewa ido ne fa!

Doña ta share hawaye da bayan hannu, ta juyo.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Asabar muna zuwa gidanku, ki gaya wa Chago." Ta kama bakin rigata ta murza. "Amma rigar nan, ita za ki riƙa sawa kowane wasa. Kuma kada ki kuskura ruwa ya taɓa ta sai an gama kaka."

Na dubi hannunta a kan rigata. Abin da na yi ta kuka a kansa ga shi an miƙo min, sai dai da igiya a jiki. Yau ni ce sa'a. Ranar da ya sake dukan iska, kuma zai sake don haka wasan yake, za a ce na wanke riga a ɓoye, ko na zauna a karkace, ko zuciyata ba ta da kyau. Haka zan ƙare rayuwata ina amsa tambaya a kan sandar wani.

Na ce, "Doña, Allah ya kawo ku lafiya ranar Asabar. Amma rigar nan ta sha gumi, yau zan wanke ta."

Ta saki rigar a hankali. Ta mayar da idonta kan fili har aka tashi wasa.

Ina isa gida na cire ta, na tsoma a bokitin nan na murafu, na zuba sabulu na cuɗe ta sosai. Mami tana tsaye hannu a ka tana kiran sunayen waliyyai. Ban shanya ta a bayan gida ba. Igiyar gaba na kai ta, wadda ke kallon titi, inda duk mai dawowa daga fili sai ya gani. Papi ya jawo kujerarsa ya zauna kusa da ita yana ta murmushi.

Tana cikin ɗiga wayata ta yi ƙara. Saƙon Dionis ne: "Mama ta ce a tambaye ki, da gaske kin wanke?"

Na ɗauki hoton rigar a kan igiya na tura masa. Ko minti ba a yi ba kira ya shigo, sunan Doña Fefita a kan allo. Na goge kumfar hannuna a zani, na gyara tsayuwa, na ɗauka.